A Buɗe Bakin Gwanki Kamar Yadda Ake Buɗe Na Rago

Saura kwana uku Babbar Sallah na tsaya a Kara ina cinikin wani uda dogo, mai ƙirji, ƙahonsa ya fara lanƙwasa gwanin sha'awa. Ba zan ɓoye ba, ƙahon ne ya ja ni. Dillalin da muke tare ko kallon ƙahon bai yi ba. Ya matse ragon tsakanin gwiwoyinsa, ya danne leɓen ƙasa da babban yatsa, ya leƙa, ya sake shi. Ya ce, "Malam, wanga yaro na. Ko famfara bai yi ba. Dussa ta tashe shi, ba shekaru ba."

Duk Basakkwace ya san wannan. Rago yana da haƙora takwas a gaban muƙamuƙin ƙasa, sama kuwa dasashi ne kawai. Idan ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai biyun tsakiya su faɗi, manya su fito a gurbinsu, ana tafiya biyu-biyu har baki ya cika wajen shekara huɗu. Daga nan sai cinyewa da giɓi. Mun iya wannan karatu saboda addini ya tilasta mana. A mazhabarmu ragon layya sai ya shekara, sa sai ya cika uku ya shiga ta huɗu, raƙumi sai ya cika biyar. Zakkar shanu ma da shekaru ake fitar da ita. Ke nan tambayar "shekararsa nawa?" ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, da zarar mun bar kasuwa mun shiga dawa, sai tambayar ta tsaya a bakin gari. Ban taɓa jin mafarauci ya dawo da barewa an tambaye shi shekarunta ba. Ƙibarta ake tambaya.

Abin da ya dawo mini da maganar shi ne wata muhawara da ake yi a tsakanin masu farautar ƙaho, wato attajiran Turai da Amurka da ke biyan maƙudan kuɗi su zo Afirka su harbi namiji guda, su tafi da kai da fata su rataye a bango, nama kuma a bar wa mutanen wurin. Ana yin ta a Namibiya da Tanzaniya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, kuma a nan kusa da mu an daɗe ana yi a arewacin Kamaru da gefen dajin Penjari na Benin da gabashin Burkina Faso. Gwanki da kanki da mariya da mazo da gwambaza, duk namun da kakanninmu suka sani, su ake zuwa nema. Tun 1892 wani mai sana'ar cusa fatun dabbobi a Landan, Rowland Ward, ya fara buga kundin awon ƙahoni, kuma har yau ana sabunta shi. Wanda ƙahonsa ya fi tsawo sunansa ke sama. Fiye da shekara ɗari igiyar awo ce alƙali.

Yanzu wasu daga cikinsu na cewa a sauke wannan alƙali, a naɗa shekaru. A daina tambayar inci nawa ne, a tambayi ko dabbar ta gama haihuwa. Ni ina tare da su, ko da yake ba ni da kuɗin harsashinsu balle na lasisi, kuma ina ganin mu da ba mu farautar ƙaho mun fi su bukatar jin maganar.

Dalilin yana cikin yadda ƙaho ke girma. Ƙahon gwanki ba ya faɗuwa ya sake tsirowa. Kube ne a kan ƙashi, daga gindi yake tofowa yana tura tsohon gaba, shi ya sa tsinin da kake gani shi ne ƙahon ƙuruciya. Mafi yawan tsawon a shekarun farko ake yin sa. Da namiji ya kai shekara biyar zuwa shida, lokacin da yake iya ƙwace garke ya riƙe, ƙahon ya kusa ƙurewa kuma tsininsa na nan da kaifi. Bayan haka tofowa sai ta ragu ƙwarai, shi kuwa bai daina faɗa da kartar ƙasa da gogar itace ba, sai tsinin ya riƙa cinyewa. Tsoho ɗan shekara goma sha biyu yana iya zama da ƙaho gajere a kan na ɗansa mai shida. To wanda ya shigo dawa da igiyar awo a aljihu wa zai ɗauka? Uban garke zai ɗauka, wanda ke kan ganiyar barbara, kuma mafi kyawunsu.

An ga ƙarshen wannan a Kanada. A wani dutse na lardin Albata masana sun shafe shekara talatin suna bin ragunan dawa ɗaya bayan ɗaya, a wurin da doka ta ce ana iya harbin rago da zarar ƙahonsa ya kai wani mizani na lanƙwasa. Ragunan da ƙahonsu ke saurin girma su ke riga kowa kai mizanin, sai a harbe su tun ba su haifi na kirki ba, masu ƙaramin ƙaho su gaje tumakin. Da aka buga sakamakon a 2003, ƙaho ya ƙanƙance a garken, jiki ma ya ragu. Mu da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe bai kamata mu yi mamaki ba. Bafulatani ba ya sayar da bijimin da ya fi kyau ya bar ragowa su hau shanunsa. A 2004 kuma, masu nazarin zakunan Serengeti suka nuna cewa in aka tsaya ga zakin da ya kai shekara shida ko fiye, farauta ba za ta karya yawansu ba, har suka ba da alamar duhun hanci don kintatar shekaru. Tanzaniya ta sa shekara shidan a doka. A dajin Niyasa na Mozambik kuma aka ɗaura yawan zakunan da za a ba kamfani baɗi a kan shekarun waɗanda ya harba bana: ka kawo tsoho a ƙara maka, ka kawo yaro a rage. Wannan dabarar ta fi wa'azi aiki, don ta taɓa aljihu.

Sai dai fa faɗar "a harbi tsoho" ta fi gane tsohon sauƙi. Rago kana iya matse shi ka buɗe baki. Gwanki dabba ce da ke kai kilo ɗari biyu da hamsin ko fiye, tana tsaye can nesa cikin gamba, iska ta juya kaɗan ta ɓace maka.

A nan nake tuna kawuna, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a ƙauyenmu can wajen Gundumi. A zaurensa akwai ƙahon gwanki guda biyu haɗe da ƙashin goshi, rataye bisa ƙofa, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Ya harbe shi kafin farin 1973. Ina yaro na taɓa ce masa na ga wanda ya fi wannan tsawo a gidan wani. Bai ji haushi ba. Ya sauko da shi ya ɗora mini a cinya, ya kama yatsana ya bi da shi daga tsini. Tsinin a dakushe yake, sumul kamar bakin taɓarya, ɗayan ma ya ɗan ɓalle. Muka gangaro kan gaɓoɓin, kowace da tazararta, yatsa na faɗawa tsakaninsu. Da muka kusa gindi sai gaɓoɓin suka matsu, suka hau juna, har suka narke suka zama wani kauri guda mai tauri da faɗin yatsu uku.

Ya ce, "Taɓa nan ka ji, ɗan nan. Wanga tsoho na. Kwana ukku ina bin sawu nai, shi kaɗai shika kiwo. Wani ya amshe mai mata tun tuni. Wanda kag gani gidan wane, gindi nai da taushi, uban ɗiya anka kashe."

Abin da kawu ya nuna mini da yatsa shi ne yau ake koya wa jagororin farauta da hotuna da madubin hangen nesa. Gindin ƙahon saurayi yana da taushi da haske, gaɓoɓinsa a buɗe. Na tsoho ya daskare. Sannan a dubi sauran jiki: wuyan tsoho ya yi kauri, baƙi da farin fuskarsa sun dishe, kunnuwa sun yage, gadon baya ya ɗan lotsa, ƙashin ƙugu ya fito, gwiwoyi sun yi kanta saboda gwanki a durƙushe yake faɗa. A kuma dubi da wa yake tafe. Garken gwanki mata ne da 'ya'ya da namiji guda. Samarin da aka kora suna yawo tare kamar gwauraye. Wanda ka gani shi kaɗai kwana da kwanaki, shi ne abin dubawa, ko da yake ba kowane makaɗaici ne tsoho ba. Akwai kuma tarkon da ke kama baƙo: macen gwanki ma tana da ƙaho, haka macen kanki da ta barewa, sai dai nasu ya fi siranta. Irin su mariya da mazo da gwambaza da kwanta-rafi ne ƙaho ke raba maka namiji da mace kai tsaye.

Wani kuskure da na sha ji, har daga bakin 'yan boko, shi ne wai a ƙirga gaɓoɓin ƙaho, kowace shekara guda. Masu shanu kan ƙirga zoben ƙahon saniya su kintaci haihuwarta, wannan daban. Gaɓoɓin gwanki da na barewa ba sa bin shekara, da yawansu a shekara biyu-ukun farko suke fitowa. Shaidar da ba ta ƙarya tana baki. Bayan dabba ta faɗi a duba yadda matauna suka cinye. In ana son ƙwaƙƙwaran lissafi a cire haƙorin gaba a yanka saiwarsa siriri a duba a madubin likita: akwai layuka kamar na kututturen itace, damina da rani na barin sawunsu. A ƙasa irin tamu mai damina ɗaya lissafin ya fi sauƙi.

Na san mai karatu na cewa, to mu ina ruwanmu? Wane Bature ne zai zo Tangaza ko Isa farautar ƙaho? Kuma ba Risala da muka karanta a zaure ta ce farauta don wasa makaruhi ce ba? Ta faɗa, kuma ni ma hoton mutum yana murmushi a kan gawar dabbar da ba yunwa ta sa ya kashe ta ba ba ya yi mini daɗi. Amma kafin mu yi masa tofin Allah tsine, mu dubi tamu farautar.

Na bi farautar gayya sau ɗaya, ina saurayi, bayan an kawar da amfanin gona. Mun fi mutum ɗari, da karnuka da gora da barandami da 'yan bindigogin harba-ka-ruga, ana kiɗa ana kirari. Aka sa wa dajin wuta ta gefe guda muka tare ɗaya gefen. Duk abin da ya fito an buge shi: zomo, gafiya, bushiya, fakara, har kunkuru. Wajen la'asar karnuka suka tayar da gada, ta yi ta kwana-kwana har ta gaji, wani ya same ta da gora a ƙugu. Rigima ta tashi a kan wanda ya fara bugu, har aka zare wuƙaƙe, manya suka raba. Da aka yanka aka farke ta sai ga ɗa a ciki, ya yi gashi, kofatansa farare masu taushi kamar ƙwai dafaffe. Wani yaro ya ɗaga shi ta ƙafa ya wurga wa karnuka. Ba wanda ya ce uffan, ni ma ban ce ba. Rabona a ranar bai cika tafin hannu ba, kuma rabin garin da ya fito ba don yunwa ya fito ba, don nishaɗi ne da nuna jarumta. In makaruhi ake nema, ga shi nan a gida.

A lissafin dabba, Baturen da ya harbi tsohon namiji guda ya fi mu sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba. Macen gwanki wata tara take ɗauke da ciki, ɗa guda take haifa, ta ɓoye shi cikin ciyawa makonni kafin ya bi garke. Namiji guda ya ishi mata goma. Ka ɗauke tsohon da aka riga aka kora, baɗi adadin 'yan maruƙa bai canza ba. Ka ɗauke mace guda, ka ɗauke duk abin da za ta haifa har ƙarshen ranta. Matsalar ita ce mai neman nama da mai neman ƙaho ba abu ɗaya suke so ba. Naman tsoho gauɗa ne, sai an kwana ana dafawa. Mai tukunya mace mai kitse yake so, ko ɗan saurayi. Tarkon waya kuwa, wanda ya fi bindiga kisa a yau, ba shi da ido balle ya zaɓa.

Ba na son in yi wa kaina daɗin baki. Dokar shekaru ba ta tayar da matacce. Gwankin da ake wa kirari da sha-bara yau sai dai a je wurare irin su Yankari ko dajin Kainji, ko a bi ta Kamba a haye Gaya zuwa gandun W na Nijar. Abin da ya kore shi daga ƙasar Sakkwato ba harbi kaɗai ba ne. Farin 1973 da na 1984 sun yi nasu, gona ta ci saura, gatarin masu gawayi ya ci itace, fadamun da namun dawa ke sha da rani sun zama lambun albasa. Dajin da ya rage kuma, irin su Gundumi, kowa ya san wa ke ciki, har mafarautan ma yanzu an fi kiransu gadin gari a kan farauta. Sansanonin farautar gabashin Burkina su ma rashin tsaro ya watsa su. Mariri, wanda da fatarsa ake garkuwar mayaƙan daular nan, an ayyana ya ƙare a dawa baki ɗaya a 2000. Sai da aka kwaso waɗanda ake kiwo a Abu Dabi aka sake su a Chadi daga 2016 kafin ya sake taka ƙasar kakanninsa, kuma a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare. Dubi irin wahalar da ake sha a dawo da abin da aka bari ya tafi.

Haka kuma ban yarda da masu cewa sai da farauta ake tsare dabba ba. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, ba a sayar da ko guda ga maharbi ba. Kenya ta hana farautar ƙaho tun 1977. A ɗaya hannun ga Pakistan, inda aka daɗe ana ba da lasisin bunsurun dutsen da suke kira markhor guda 12 kacal a shekara, lasisi guda kan haura dala dubu ɗari, kashi 80 cikin ɗari na kuɗin na komawa ƙauyukan wurin. Mutanen da ke harbinsa a da suka koma gadinsa, ya yawaita har a 2015 aka sassauta matsayinsa a jerin dabbobin da ke cikin haɗari. Hanyoyin biyu duk sun yi aiki a inda mutanen wurin suka ga amfanin dabbar tana raye. Inda kuɗin ke tsayawa a babban birni, ko wace doka aka rubuta tarko zai ci gaba da kwana a dawa. Kuma ko tsohon da nake ta cewa a harba, ban ce ba shi da amfani ba. Shi ma rabon zaki da kura ne, kuma jagoran da baƙo ya biya dala dubbai yana tsaye a bayansa yana huci zai iya ganin tsufa a inda babu. Shi ya sa ba na yarda da shaidar ido sai an kawo haƙori.

Abin da nake so a Sakkwato ƙarami ne, kuma ba ya jiran Abuja. Dokoki muna da su a takarda, tun ta namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar soja ta 1985 kan dabbobin da ke shirin ƙarewa, amma maharbin ƙauye bai taɓa jin an karanta masa su ba. Wanda yake ji shi ne Sarkin Baka. To a ba Sarkin Baka aikin, da goyon bayan uban ƙasa. Barewa a ɗaga mata ƙafa gaba ɗaya na wasu shekaru, don abin da ya rage bai kai a yi zaɓe a cikinsa ba. Sa wa daji wuta don farauta da kafa tarkon waya su zama abin tara. Abin da aka halatta kuma, gada ce ko mazo a inda yake, duk wanda ya kashe ya kawo muƙamuƙin ƙasa gaban Sarkin Baka. Muƙamuƙi ba ya rage wa kowa nama. Muna da likitocin dabbobi da masu karatun gandun daji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ɗalibansu na neman abin bincike kowace shekara. Buhu guda na muƙamuƙai daga gunduma guda zai gaya musu ko yara ake kashewa ko manya, abin da yanzu ba wanda zai iya faɗa.

Sai kuma maroƙa da makaɗan farauta, su ne masu kundin awonmu. Muddin kirari na wanda ya fi tara gawa ne, samari gawa za su tara. Ranar da aka fara wasa wanda ya bi sawu kwana uku ya bar mai ciki ta wuce ya dawo da tsoho mai giɓi, aka kuma yi wa mai kawo ɗan tayi dariya a dandali, an gama rabin aikin. Kawu bai san Rowland Ward ba, amma ya san abin kunya ne a ce maharbi ya kashe uban ɗiya, kuma wani ne ya koya masa jin kunyar.

Ƙahon nan yana hannuna yanzu, na karɓo shi bayan rasuwarsa. Kwanaki na kai wa wani abokina likitan dabbobi, na ce ya faɗa mini shekarun gwankin. Ya jujjuya shi, ya shafa gindin, ya ce tsoho ne ba shakka, ya haura goma, amma in ina son adadi sai in kawo masa muƙamuƙin. Na tambayi inna, matar kawu, ko ta san inda yake. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce kan gwankin tun daren da aka kawo shi aka babbake, aka kwana ana dafawa, da safe unguwa duka ta sha romo.